Ƙage Ko Shaida? Marubucin Larabawa Da Waɗanda Takarda Ta Manta

Abin mamaki ne yadda Bahaushe ya raɗa wa irin littattafan nan suna ƙagaggun labarai, alhali kuwa a wurinsa ƙage ba abin kirki ba ne. In an ce wane ya yi wa wane ƙage, sai a je gaban alƙali. To, daga nan tambayarmu ta taso: shin ya halatta marubuci ya ƙaga magana ya sa a bakin mutumin da ya rigaya ya mutu, wanda ba a rubuta ko sunansa ba a ko'ina? Marubutan Larabawa na wannan zamani sun sha fama da wannan tambaya, don haka ya kamata mu ɗalibai mu dubi yadda suka yi da ita.

Da farko sai mu gane halin ma'ajiyar takardun tarihi. Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa ta Kaduna ya san cewa yawancin abin da ke cikin fayil-fayil ɗin nan Razdan ne da Di'o suka rubuta. Talaka ba ya shiga ciki sai in ana ƙirga haraji, ko ya yi laifi. Haka abin yake a ƙasashen Larabawa. Mai mulki ne ke da alƙalami da hatimi, bawa da mace da ɗan gudun hijira kuwa sai dai a ambace su da lamba. Wani lokaci ma takardun kansu ba su tsira, kamar yadda aka ƙone Babban Ɗakin Karatu da Ma'ajiyar Takardu na Iraƙi a Bagadaza cikin watan Afrilu na 2003.

Wannan gobara da yaƙin da ya jawo ta su ne tushen littafin Sinan Antoon, Fihris, na 1437 Hijira, wato 2016. Sunan yana tuna mana da Fihrist na Ibn al-Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza a ƙarni na 10, wanda ya jera littattafan zamaninsa. Amma Wadud, mai sayar da littattafai a Titin Mutanabbi a cikin labarin, abin da aka hallaka yake jerawa, har itacen magarya da garun gida sai da ya ba su baki suka faɗi yadda suka ƙare. Babu mai cewa Antoon ya yi wa magarya ƙage, domin kowa ya san itace ba ya magana. Wuyar tana ga mutum.

Najwa Bin Shatwan ta ƙasar Libiya ta ɗauki hanyar ba mutum baki. A littafinta Zarayib al-Abid na 2016, ta komar da mu unguwar bukkokin bayi a bakin tekun Bangazi a ƙarshen mulkin Turkawa, inda Atiƙa, 'yar kuyanga da ɗan ubangidanta, ta tashi ba ta san asalinta ba. Wannan labari ya shafe mu, tunda ayarin da ke tashi daga Kano da Barno zuwa Fezzan da Tarabulus ba fatu da turkuɗi kaɗai ya ɗauka ba, har da mutane. Haka kuma Jokha Alharthi ta Oman, ƙasar da ba a haramta bauta ba sai 1970, ta sa Zarifa baiwa cikin manyan taurarin Sayyidat al-Qamar, littafin da fassararsa ta ci lambar Man Booker ta duniya a 2019. Hujjar masu wannan hanya ita ce, in marubuci ya ce sai ya ga takarda, to shirun da aka ƙaƙaba wa bawa yana da rai zai bi shi har kabari, ya zama an zalunce shi sau biyu.

Amma akwai wata hujja mai nauyi da ke ja da wannan. Hausawa sun ce ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Wanda ya mutu ba shi da halin cewa ba haka na ji ba. Marubuci yana iya lulluɓa wa baiwa ra'ayinsa na ɗan boko, ya kuma samu suna da kuɗi da hawayenta. Watakila wannan tsoro ne ya sa Adania Shibli ta Falasɗinu ta bi wata hanya dabam a Tafsil Thanawi na 2017. Labarin ya ginu a kan abin da ya faru da gaske a watan Agusta na 1949, sa'ad da sojojin Isra'ila suka yi wa wata yarinya Balarabiyar ƙauye fyaɗe a hamadar Naƙab, suka kashe ta. Shibli ba ta ba yarinyar suna ba, ba ta kuma shiga zuciyarta ba. Maimakon haka sai ta nuna mana wata mata daga Ramallah da ta ari katin shaidar abokiyar aikinta, ta bi gidan tarihin soja da ma'ajiyar takardu tana neman yarinyar, ba ta samu komai game da ita ba. Mai karatu sai ya taɓa ramin da hannunsa.

To, wace hanya ce daidai? A nawa ɗan ƙaramin tunani, duka biyun suna iya zama gaskiya, muddin an kiyaye abu guda. Maƙaryaci yana son ka ɗauki zancensa a kan abin da ya auku, shi kuwa marubucin kirki tun daga bangon littafi ya gaya maka hasashe ne. Inda Atiƙa ta halatta shi ne ba wata mata ɗaya ba ce da za a ce an sa mata magana, wakiliya ce ta dubban irinta. Yarinyar Naƙab kuwa mutum ce takamaimai, jininta ya zuba a rana sananna, don haka kamun bakin Shibli ya zama ladabi gare ta. Ke nan gwargwadon yadda mamaci yake sananne, gwargwadon yadda ya wajaba marubuci ya ja linzamin alƙalaminsa.

Wani zai ce ai labari ba ya tayar da matacce, ba ya kuma kai azzalumi kotu. Haka ne. Amma yana hana mu fakewa da cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan kun buɗe fayil, ku tambayi kanku wa ya rubuta, wa kuma aka bari a waje. In hutu ya zo, ku zauna da tsofaffin gidajenku ku ji ta bakinsu tun suna nan, don kada jikokinmu su rasa abin kamawa sai ƙage. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.