Nasihar Mako: Ɗan Sanda, Direba Da Mai Ɗaukar Hoto

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda babu abin da yake ɓoyuwa gare Shi a sama ko a ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wani abu ne da na gani da idona kwanakin baya, ina cikin motar haya za ni ta'aziyya. Mun iso wani shinge, ɗan sanda ya ɗaga hannu, direbanmu ya dunƙule takardar kuɗi a tafinsa kamar yadda aka saba, ya miƙa ta taga. Ɗan sandan ya duba ya ce ba ta isa ba, direba ya hau faɗa, har aka kai ga zagin iyaye. Ana cikin haka sai wani saurayi da yake zaune kusa da ni ya fito da wayarsa ya soma ɗaukar hoto. Nan take ɗan sandan ya sauke murya, ya gyara hularsa, ya ce shi fa takardun mota kaɗai ya tambaya. Direba kuwa ya cusa kuɗinsa aljihu, ya ce ai shi ma takardun yake lalube. Muka wuce fasinjoji suna ta dariya, amma wani dattijo a kujerar baya ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ikon Allah! Yau waya ta fi Mala'iku kwarjini."

Wannan magana ta dattijon ita ce ta hana ni sukuni, domin kuwa gaskiya ya faɗa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu a cikin Suratu Ƙaf cewa kowane ɗan Adam yana tare da Mala'iku biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, masu rubuta duk abin da bakinsa ya furta. A Suratul Kahfi kuma Ya ba mu labarin yadda masu laifi za su firgita ranar da aka ajiye musu littafin ayyukansu, su tarar bai tsallake ƙarami ko babba ba. Watau tun kafin saurayin nan ya zaro wayarsa ana ta ɗaukar abin da yake gudana a shingen, amma babu wanda ya ji kunya sai da ƙaramar na'ura ta fito. Irin wannan hali shi ne Allah Ya zarga a aya ta 108 ta Suratun Nisa'i, halin mai ɓuya daga idon mutane alhali ba ya kunyar Ubangijinsa da yake tare da shi.

To, bari mu ɗauki mutanen nan uku ɗaya bayan ɗaya, mu fara da ɗan sanda. Kada mai karatu ya ɗauka Musulunci ya raina wannan aiki. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Ƙaisu ɗan Sa'adu ya kasance a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar matsayin shugaban 'yan sanda a wurin sarki. Sayyidina Umar kuwa da kansa yake sintiri cikin dare a Madina yana duba lafiyar jama'a. Mutumin da yake tsaye a kwalta cikin rana da ruwa da hunturu, a zamanin 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, domin ni da kai mu isa gida lafiya, idan ya gyara niyyarsa ibada yake yi, kuma ya cancanci a girmama shi.

Amma fa girman aiki shi ne girman amanar da take cikinsa. Manzon Allah ya taɓa aika wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi bai bar maganar a tsakaninsu su biyu ba, sai da ya hau mumbari ya tambayi jama'a me ya hana mutumin ya zauna a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ya kai ɗan'uwa mai kaki, ka yi wa kanka wannan tambaya. Ranar da kake hutu, kana zaune a ƙofar gida cikin jamfa, akwai direban da yake tsayawa ya ba ka na goro? In babu, to, ashe kakin ake bai wa, kakin kuwa na jama'a ne. Sauya wa abin suna ba ya halatta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwa cikin miyagun al'adun mulkin da ya zo gyarawa, ga shi bayan shekara fiye da 200 mun dawo da ita bakin titi. Ƙarancin albashi kuka ne na gaskiya, kuma wajibi ne a kan hukuma ta share shi, sai dai ba talakan direba ne ya danne haƙƙin ba balle a fanshe a kansa.

Abin da ya fi kuɗin muni shi ne wasa da makami. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, saboda bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya auka cikin wuta. A ruwayar Muslim kuwa Mala'iku suna la'antar mai yin haka har sai ya daina. Idan nuni kawai ya jawo wannan, ina ga wanda ya ɗana kunama saboda gardamar kuɗin da ba su isa sayen kwanon abinci ba? Dokar ƙasa ma ba ta bar ɗan sanda sakaka ba. Dokar 'Yan Sanda ta shekarar 2020 ta ɗora masa cewa kafin ya binciki mutum ko mota ya kasance cikin kaki ko ɗauke da katin shaida a bayyane, ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin binciken.

Sai kuma direba. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Annabi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, bai ware ɗaya ba. Gaskiya ne malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda aka tsare bisa zalunci, takardunsa cikakku, motarsa lafiya, ya rasa kowace hanyar kuɓuta sai ya bayar. Sun ce zunubin yana kan mai karɓa. To, amma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya, direbobi nawa ne wannan rangwame ya shafa? Wanda lasisinsa ya daɗe da mutuwa, ko tayarsa ta suɗe, ko birkinsa sai an taka sau uku, ko ya loda mutum shida a kujerar mutum huɗu, wannan in ya miƙa kuɗi ya sayi izinin jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari ne. Idan motar ta ƙwace a gangara ta gaba, jinin waɗanda suka mutu yana wuyansa, wanda ya karɓi kuɗin ya buɗe masa shinge ma yana da nasa kason. Mu fasinjoji kuma da muke cewa, "Direba, ba shi mu wuce, muna sauri," kada mu zaci mun fita.

Ladabin tsayawa a shinge ba shi da wuya. In an tsai da kai ka rage gudu, ka gangara gefen hanya, ka kashe rediyo, in dare ne ka kunna fitilar cikin mota domin mai tsaro ya ga waɗanda kake ɗauke da su hankalinsa ya kwanta. Ka yi masa sallama, ka bar hannunka inda zai gani, ka ba da takardun da aka tambaya. Kada ka taka mota ka gudu, domin fasinjojinka amana ne, harsashi kuwa bai san wanda ya yi laifi ba. Bin dokar hanya yana cikin ɗa'a ga shugabanni a kan abin da ba saɓo ba, wadda aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da ita. In kuma aka ci mutuncinka, ka tuna Annabi ya sanar da mu cewa ƙarfin gaske yana wurin mai mallakar kansa lokacin fushi. Ka riƙe sunan jami'in da wurin da lokacin, ka kai ƙara inda ya dace.

Yanzu mun zo kan na ukunsu, mai ɗaukar hoto. Wasu sukan tambaya ko wannan bai shiga cikin bin diddigin asirin mutane da Suratul Hujurati ta hana ba. Amsa ita ce, abin da aka hana shi ne leƙen abin da mutum ya ɓoye a cikin gidansa da sirrinsa. Aikin hukuma da ake yi a tsakiyar titi da rana tsaka ba sirri ba ne. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yarje wa wanda aka zalunta ya bayyana abin da aka yi masa, aya ta 283 ta Suratul Baƙara kuma ta hana ɓoye shaida. Kakakin rundunar 'yan sandan Nijeriya ma ya faɗa a shekarar 2023 cewa ɗaukar hoton ɗan sanda a bakin aiki ba laifi ba ne.

Duniya ta ga amfanin irin wannan shaida. A ranar 25 ga Mayu, 2020, a birnin Miniyafolis na ƙasar Amurka, wani ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa fiye da minti tara har rai ya yi halinsa. Sanarwar farko ta hukuma ta nuna kamar rashin lafiya ce ta taso masa. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta tsaya ta ɗauki abin, daga baya kuma ta je kotu ta ba da shaida da bakinta, a 2021 aka yanke wa ɗan sandan ɗaurin shekara 22 da rabi. A nan gida kuma, wani hoton da aka ɗauka a Ughelli ta Jihar Delta a farkon Oktoba, 2020, shi ya kunna zanga-zangar da ta sa aka rushe rundunar SARS a ranar 11 ga watan. Sai dai kada mu manta, a cikin tarzomar da ta biyo baya an ƙona ofisoshin 'yan sanda, an kashe wasu jami'an da ba a tuhume su da kome ba sai kakin jikinsu, alhali Shari'a ba ta kama wani da laifin wani.

Saboda haka wanda ya ɗaga waya ya sani ya zama shaida, kuma sharuɗɗan shaida sun hau kansa. Na farko, ya kawo abin yadda yake. Wanda ya yanke inda direba ya yi zagi ya bar inda ɗan sanda ya yi mari, ko ya yi akasin haka, ya yi shaidar zur ko da hoton na gaske ne, ita kuwa tana cikin manyan zunubai. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya hana mu yi musu adalci. Na biyu, ya tsaya daga gefe, kada ya tare aiki, kada ya tsokani jami'i don ya samu abin nunawa. Na uku, niyyarsa ta zama kawar da zalunci. Annabi ya umurce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumin, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zaluncin. Mai wannan niyya yakan fara kai hotonsa inda za a yi hukunci, kamar sashen karɓar ƙorafin jama'a da rundunar ta kafa a 2015, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko kotu. Mai neman suna a Facebook kuwa ya riga ya karɓi ladansa a wurin masu tafi.

Mu da hoton yake iso wa wayoyinmu, namu nauyin yana aya ta 6 ta Suratul Hujurati, wadda ta yi umurni da bincike kafin a cutar da mutane bisa jahilci a koma ana nadama. Sau da yawa akan tono tsohon hoto, ko na wata ƙasa, a laƙaba masa sabon labari. Muslim ya ruwaito cewa faɗin duk abin da aka ji ya ishi mutum zama maƙaryaci, to, tura duk abin da aka gani fa?

Ya ku 'yan'uwa, wayar saurayin nan cajinta yana iya ƙarewa, ana iya ƙwace ta, ana iya goge abin da ta ɗauka. Littafin Mala'iku babu mai ƙwace shi, babu mai yanke masa farko ko ƙarshe, kuma a gaban Alƙalin da za a buɗe shi babu na goro. Ɗan sandan da ya san haka zai yi aikinsa a shingen dawa da tsakar dare kamar yadda zai yi a gaban Sufeto Janar. Direban da ya san haka zai gyara birkinsa tun a tasha. Mai waya kuma ba zai tura kome ba sai abin da zai iya rantsuwa a kansa.

Allah Ya shiryi masu tsaronmu Ya wadata su da halal, Ya ba direbobinmu haƙuri da tsoronSa, Ya kiyaye matafiya Ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.