SALLA DA NOMA GA WANDA AKA YI WA AIKIN ƘASHIN BAYA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi majinyacin da aka yi wa fiɗa a ƙasan gadon baya aka haɗe masa ƙasusuwa, aka sallame shi daga asibiti, ya koma gida da dokokin likita waɗanda yake ganin kamar sun ci karo da sallarsa da sana'arsa. Mas'alar ta fi tsanani ga mutanen karkara, musamman na ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, ba a barin saura ta huta, kuma abincin shekara yana rataye ne a bayan maigida da fartanyarsa.

MENE NE WANNAN AIKI?

Allah Ya gina ƙasan bayan ɗan Adam da ƙasusuwa 5 a jere, wani bisa wani, da guringuntsi a tsakaninsu, jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu kuwa ta cikinsu suke bi. Idan ɗayansu ya goce, ko ya karye saboda faɗowa daga itace ko haɗarin mota, ko kuwa tarin fuka ya cinye shi, sai jijiyoyin su matsu, ciwo ya sauka ƙafa, wani lokaci har tafiya ta gagara. A nan ne likitoci kan haɗe ƙashi biyu ko fiye su zama ɗaya. Sukan sa ɓarɓashin ƙashi a tsakani, sau da yawa daga ƙugun majinyacin suke ɗebo shi, sa'an nan su ɗaure da kusoshi da sandunan ƙarfe. Likitoci biyu a Amurka, Albee da Hibbs, su ne suka shahara da fara wannan aiki a shekarar 1911, kuma masu tarin fukan ƙashin baya suka fara yi wa. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne mutanen karkara suka fi sani da jinyar ƙashi.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, ƙarfen nan ba shi ne warakar ba. Matsayinsa kamar na karan ɗori ne. Kowane Bahaushe ya san maɗori yakan ɗaure karaya da kara don kada ta motsa, amma Allah ne Yake haɗa ƙashin sannu a hankali. Haka nan wannan aiki: ƙashin yakan ɗauki watanni 3 zuwa 6 kafin ya fara kamawa sosai, cikar haɗuwarsa kuwa takan kai shekara guda ko fiye. Saboda haka likitoci kan hana abu uku a watannin farko: sunkuyo, da murɗa jiki, da ɗaukar kaya mai nauyi. Wanda ya saɓa, ƙashin na iya ƙin haɗuwa, kusoshi su saki, a koma ga fiɗa ta biyu wadda ta fi ta farko wuya da tsada.

To, a ƙaddara magidanci ne aka yi wa wannan aiki da bazara, bayan an sayar da bijimi an jinginar da gona. Ga shi tun yana yaro bai taɓa salla ba tare da ya kai goshinsa ƙasa ba. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kunya biyu ke damunsa: kunyar a gan shi yana salla ba ruku'u ba sujada, da kunyar a ga gonarsa ta cika da ciyawa. Ina mafita?

HUKUNCIN SALLA

Salla ba ta faɗuwa daga kan Musulmi muddin yana cikin hankalinsa, amma siffarta tana bin gwargwadon ikonsa. Aya ta 286 a Suratul Baƙara ta kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Buhari ya ruwaito cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, yana fama da basur, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Shi kansa Manzon Allah ya taɓa faɗowa daga doki ya ji ciwo a gefensa na dama, ya kuwa yi salla a zaune, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wane ne zai ji kunyar abin da shugaban halitta ya aikata?

Ahalari, wanda ake karantawa a kowane zaure, ya jera matakai 7: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine. Sai dai akwai kuskuren da ya yawaita. Da yawa sun ɗauka da zarar mutum ya kasa sujada sai ya zauna ya yi sallarsa duka a zaune. Alhali kuwa mai irin wannan jinya sau da yawa tsayuwa ta fi masa sauƙi, zama a ƙasa bisa buzu shi ne yake cutar da shi. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa wanda yake iya tsayuwa amma ba ya iya ruku'u da sujada, zai yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ya yi nuni ga ruku'u daga tsaye. In yana iya zama, ko bisa kujera ne, sai ya zauna ya yi nuni ga sujada. In ba ya iyawa, ya yi nunin duka daga tsaye. Nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa, gwargwadon abin da ba zai taɓa wurin aikin ba. Ba a kuma bukatar ya ɗago matashi ko dutse zuwa goshinsa, domin an ruwaito hana haka daga Abdullahi ɗan Umar.

Uzuri a shari'a bai tsaya ga kasawa ƙwarai ba. Tsoron ƙaruwar cuta ko jinkirin warkewa, bisa faɗar likita masani, shi ma uzuri ne karɓaɓɓe. Watau ko da majinyaci yana jin zai iya daurewa ya sunkuya, matuƙar likita ya ce sunkuyon zai ɓata ɗorin, rangwame ya tabbata a gare shi. Haka nan an ɗauke masa zuwa Juma'a da jam'i in tafiyar za ta cutar da shi, balle a bayan babur a kan hanyar burji mai gargada.

HUKUNCIN TSARKI

Wanke ƙafa a alwala yana bukatar sunkuyo, don haka ya halatta ɗansa ko matarsa su zuba masa ruwa su cuɗa masa. In wanka ya wajaba alhali ba a yarda ruwa ya taɓa miki ba, sai ya wanke inda ke lafiya ya yi shafa bisa bandeji. In ruwan zai cutar da shi gaba ɗaya, ko babu mai miƙo masa shi har lokaci ya yi ƙunci, sai taimama, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta halatta. Risala ta Ibn Abi Zaidin ta ƙara da cewa majinyacin da bai sami mai miƙo masa ƙasa ba yana iya taimama da bangon da ke kusa da shi in na ƙasa ne. Ashe mai ɗakin jan ƙasa abin taimamarsa yana gefen gadonsa.

Masu tsanantawa su yi hattara. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokansa ko yana da rangwamen taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya isa ga Manzon Allah, sai ya ɗora alhakin ransa a kansu, ya zarge su da yin fatawa ba da sani ba maimakon su yi tambaya. Duk wanda ya dubi mai jinyar baya ya ce masa, "Malam, ai wannan sallar taka ba ta cika ba," to, ya tuna da wannan hadisi.

HUKUNCIN GONA

Noman ƙasar Kano na sunkuyo ne tun daga shuka da sungumi, zuwa firi da maimai da fartanya, zuwa huɗa da garma, har ɗaurin dami. Buhun takin zamani kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 20 kuwa kilo 20 ce, alhali abin da likitoci kan yarje wa majinyaci a farko bai wuce 'yan kiloli kaɗan ba. Ko ɗora mangalar taki a bayan jaki, ko jan guga a rijiya, ya isa ya rushe aikin da aka kashe dukiyar gida a kansa. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Wanda ya shiga gona kafin lokaci yana cewa ya dogara ga Allah, bai fahimci tawakkali ba, domin Manzon Allah ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'an nan ya dogara. Damina ɗaya ake tsoron rasawa, amma gaggawa na iya cinye damina goma.

Haƙuri kuma ba kwanciya ba ne. Likitoci suna so majinyaci ya riƙa tattaki kullum, yana ƙarawa kaɗan kaɗan, ya guji dogon zama, in zai tashi daga gado ya mirgina jikinsa gaba ɗaya kamar gungume ba tare da murɗawa ba. A sama masa gado mai ɗan tudu maimakon tabarma, a gyara masa wurin bayan gida don kada ya tsuguna. Ya bar taba, domin an tabbatar tana hana ƙashi haɗuwa. In tarin fuka ne asalin cutar, ya shanye maganinsa har ƙarshen watannin da aka ɗiba masa. In kuwa zazzaɓi ya taso, ko miki ya fara ruwa, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, a koma asibiti nan take. Duk wannan yana cikin neman magani da shari'a ta yi umurni da shi.

HAƘƘINSA A KAN JAMA'A

Ba a ce wa mutum ya yi haƙuri alhali rumbunsa zai kwana wayam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah ya yi wa Ash'arawa, saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. Gayya, wadda kakanni suka gada, reshe ce ta wannan ɗabi'a. Ya kamata liman ya yi shela bayan sallar Asuba, mai unguwa ya sa rana, samari su fito da fartanyoyinsu su nome gonar majinyaci kafin ciyawa ta fi ƙarfin gero. 'Ya'yansa da ƙannensa na gandu su ce masa, "Baba, ka kwantar da hankalinka, gona tana wuyanmu." Mai zuwa dubiya, bayan "Sannu, yaya jiki?", ya tambayi wa ke ɗebo ruwa, wa ke kai shi asibiti ranar komawa. Haka kuma in mace ce aka yi wa aikin: a ɗauke mata daka da surfe da ɗaukar tulu da goyo, kada kishiya ko dangin miji su kira dokar likita lalaci.

Shi kuwa majinyaci, ga bushara. Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawan da ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya. Wanda ya shekara arba'in yana sahun farko, sahunsa yana nan a rubuce ko da yana kwance. Sujadar da ya bari don bin rangwamen Ubangijinsa ba ta ɓace ba. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya daɗe cikin cuta yana haƙuri da addu'a, har Allah Ya yaye masa Ya mayar masa da iyalinsa.

Allah Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti lafiya, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ba da damina mai albarka. Amin. Wassalamu alaikum.