Gwamna Lugga: Ko Alheri Yana Wanke Jini?

Frederick Lugard, wanda Hausawa suke kira Gwamna Lugga, ɗan fasto ne. An haife shi a Madras ta ƙasar Indiya a 1858, inda mahaifinsa yake hidimar bishara cikin sojojin Ingila. Ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama, kafin ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900.

Mutanen kudancin Kaduna suna da dalilin tunawa da shi. Kakanninsu sun daɗe suna fakewa a duwatsu, irin na Kagoro, saboda harin masu kamun bayi daga Zazzau da Jama'a. Dokarsa ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta yaran da za a haifa bayan haka. Uwar da ta daina fargabar aiken ɗanta rafi ta san darajar wannan doka fiye da kowane masanin tarihi.

Amma a Maris 1906, bayan mutanen Satiru kusa da Sakkwato sun kashe Turawa uku, shi ne ya aika runduna ta shafe garin. Masana sun kiyasta kimanin mutum 2,000 suka hallaka. Waɗanda suka mutu talakawa ne da bayin da suka gudu, wato irin mutanen da ya ce ya zo ceto. A nan kudu kuma, tsarin mulkinsa ta hannun sarakuna ya bar Bajju da Atyap ƙarƙashin Zazzau, ba su sami masarautunsu ba sai 1995.

Akwai masu ɗora ayyukan nan a ma'auni, su ce alherin ya rinjayi ɓarnar. Wannan lissafi bai tsaya ba. Yaron Kagoro da ya tsira ba shi da ikon yafe jinin mutumin Satiru, domin ba shi aka zalunta ba. Godiya bashi ce, a biya ta. Amma ba kuɗin toshiyar baki ba ce.

Littafi Mai Tsarki bai yi wa Sarki Dawuda irin wannan lissafi ba. Ya ambaci nasarorinsa, bai kuma ɓoye kisan Uriya ba. Da Dawuda ya so gina Haikali, aka hana shi saboda yawan jinin da ya zubar, aka ba ɗansa Sulemanu aikin.