Ƙullin Zogale a Filin JFK

Ɗana, kai da za ka sauka a filin jirgin sama na JFK da garin kuka da busasshen zogale a akwati, matso in ja maka kunne.

Idan jami'in kwastan ya tambaye ka ko kana ɗauke da abinci ko tsiro, ka ce e, ban da ƙumbiya-ƙumbiya. Tun 1984 Amurka ke sa ƙananan karnuka shinshina kayan matafiya, kuma kilishi ba ya ɓuya musu. Busasshen ganye yakan wuce bayan an duba shi. Ɗanyen ganye da nama kuwa sai dai ka yi musu ban kwana. Mai ɓoyewa tarar ɗaruruwan daloli ke jiransa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne zaton da kake yi wa ƙullin nan. An ce maka zogale na kashe ƙwayoyin cuta, kuma maganar ba ta rasa tushe ba. A cikin ganyen akwai sinadarin gulukosinolet a kwance. Sai an tauna ko an daka ɗanyen yake haɗuwa da wani sinadarin da ke tada shi, ya rikiɗe ya zama mai ɗan yajin nan da kake ji a harshe. Danginsa ne, na cikin burokoli, masana a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna a 2002 yana kashe ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki. To, a ɗakin gwaji ke nan. Kai kuwa sai ka tafasa zogalenka tilis kafin ka kwaɗa, zafin ya riga ya lalata mai tada shi.

Ganye ma kansa yakan ɗauko cuta. A 2006 alayyafo daga Kalifoniya ya sa wa mutum kusan 200 ciwo da ƙwayar E. coli, uku suka rasu. Ina ga wanda aka shanya a tabarma, kaji da awaki na kai-kawo? Salmonela tana yin watanni a busasshen gari, ranta bai fita ba. Saboda haka kada ka barbaɗa garin zogalen a kunun yaro haka nan, a bar miya ta tafasa sosai.

Ci ganyenka, abinci ne mai albarka. Amma ranar da zazzaɓi ya ƙi sauka, ko rauni ya fara ruwa, kada ka zauna a ɗaki a Bronx kana jiƙa zogale. Je ka ga likita, in ya rubuta maka magani ka shanye shi har ƙwayar ƙarshe, ko da ka ji sauƙi tun kwana na biyu.