Kunzugu Uku a Rana

A watan Janairun 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafinsa Les Fossoyeurs, wato masu haƙa kabari, a kan Orpea, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gidajen kula da tsofaffi a Faransa. Cikin abin da ma'aikata suka shaida masa har da cewa a wani gida da ke Neuilly, unguwar attajirai a gefen Paris, kunzugu uku ake ware wa tsoho a rana, alhali ana biyan dubban yuro a kansa duk wata. Kamfanin ya musanta, amma ya sallami babban daraktansa, binciken gwamnati kuma ya gano manyan kurakurai.

Laifin shugabanni a fili yake. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ma'aikaciyar dare. Tsohuwa ta ɓata jikinta karo na huɗu, kason ranar ya ƙare. In ta ɗauko na wata, waccan za ta kwana a jiƙe. In ta kai ƙara, aikinta na iya tafiya, tana da bakunan ciyarwa. Shin tana da laifi in ta ja ƙofa ta wuce?

Wasu za su ce umarni ta bi. Ban gamsu ba, domin ita ce ta ga fuskar tsohuwar, wanda ya tsara lissafin kuwa lamba kawai ya gani. Sai dai wannan hujjar tana da wata illa: tana ɗora nauyi mafi girma a kan mai ƙaramin albashi, ta sassauta wa wanda ya shirya kada ya gani. A ganina, nisantar da ya yi da gangan ƙarin laifi ce a kansa.

Lissafi kansa ba aibi ba ne, ko uwar gida tana auna hatsi. Matsalar ita ce a nan mai biya daban, mai shan wahala daban. 'Ya'ya suna zuwa ranar Lahadi su ga furanni a harabar gida. Tsohuwar da mantuwa ta kama ba za ta iya faɗin abin da ya faru daren Laraba ba, in ma ta faɗa, a ce ruɗewa ce.

Bayan fallasar, gwamnati ta yi alkawarin bincikar dukan irin waɗannan gidaje, kusan 7,500. A 2024 Orpea ya sauya suna zuwa Emeis.