Wasiyyar Baba: Shiru Ko Magana?

'Yar'uwa, a ce mahaifinki ya tsufa a Maruta, ido ya yi rauni. Yayanki ya riƙe katin bankinsa, ya kawo lauya ya rubuta wasiyya, Baba ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba. Za ki yi shiru don gudun ɓata zumunci?

Kada ki yi. Zato zunubi ne, amma tambaya haƙƙinki ce. Aya ta 181 a Suratul Baƙara ta ɗora laifi kan mai sauya wasiyya. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Nemi a karanta wa Baba takardar gaban shaidu biyu adalai tun yana raye. In an ƙi, akwai alƙali a Gwaram. Allah Ya sa mu dace.