Hakkin Mata-Maza a Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ke suranta bayinsa a cikin mahaifa yadda ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, za mu yi magana a kan wata mas'ala wadda ake karantawa a zauren malamai da babbar murya, amma in ta faɗo a cikin gida sai a rufe ƙofa a yi shiru. Muna nufin jaririn da anka haifa, ungozoma ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace. Shi ne Hausawa ke ce ma mata-maza, malaman fiƙihu kuwa suna kiransa hunsa.

Magabata ba su ji kunyar wannan zance ba. Shehu Halilu da shi ya rufe Muhtasar ɗinsa, littafin da babu makarantar ilmi daga Tawa har Damagaram da ba a san shi ba. Ya kawo alamomin da ake bi: ta inda yaro ke fitsari, in ta wuri biyu ne a dubi wanda ya fi yawa ko ya riga, sa'an nan in ya balaga a dubi gemu, ko nono, ko haila, ko maniyyi. In alama ta bayyana, rikici ya ƙare. In ba ta bayyana ba, shi ne hunsa mushkili, kuma a mazhabarmu ta Imamu Malik gadonsa rabin rabon namiji ne da rabin rabon mace. Misali, mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da hunsa mushkili da awaki 12. Da a ce namiji ne, da ya sami 6. Da a ce mace ce, da ta sami 4. Sai a haɗa a raba biyu, a ba shi 5, ɗan'uwansa ya ɗauki 7. Hanafiyya suna ba shi mafi ƙarancin rabon biyu, Shafi'iyya kuwa suna ba shi abin da anka tabbatar, a ajiye saura har al'amari ya bayyana. Saɓanin duk a kan yawan rabon ne. Ba mu sami malami guda da ya ce a hana shi ba. Har sahun salla sun tanadar masa, tsakanin na maza da na mata, wato sun ɗauka zai zo masallaci kamar kowa.

Ibnu Hishamu ya ba da labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa a zamanin jahiliyya, wanda anka kawo ma wannan mas'ala ya kwana yana juyi bai runtsa ba, har baiwarsa mai yi masa kiwo ta nuna masa mafita. Mutumin jahiliyya ke nan ya rasa barci don kada ya zalunci hunsa. Mu da munka sami Littafi da Sunna, a wace hujja za mu kwana lafiya alhali an ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, an hana shi makaranta, an bar tsaransa suna bin sa da waƙa a bakin rijiya? Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da mugun laƙabi, kuma ba ta ware kowa ba.

Wani zai ce abin bai taka kara ya karya ba, mutum nawa ne? Likitoci sun ƙiyasta cewa a cikin haihuwa 4,500 zuwa 5,000 ana samun jariri guda da ba a iya tantance jinsinsa da ganin ido. A Nijar haihuwa ta haura miliyan guda a shekara. In anka bi wannan ƙiyasi, sama da jarirai 200 ke nan kowace shekara, kuma takardar haihuwa gurbi biyu gare ta. Kenya, da ta yi ƙidayar jama'a a 2019, ta buɗe masu gurbi, ta sami mutum 1,524 cikin miliyan 47 da rabi. Pakistan, ƙasar Musulmi, ta ƙidaya waɗanda ba su shiga sahun maza ko mata ba, ta sami 20,331 a 2023, ko da yake ta haɗa hunsa da wasunsu a gurbi guda.   Uban da ya ɓoye ma maƙwabcinsa ba zai faɗa ma baƙo mai takarda ba. A Bangaladash an buɗe masu makarantar Alƙur'ani a birnin Daka a 2020, domin da yawansu sun girma ba su iya Fatiha ba, ba don ƙi ba, sai don babu inda za su zauna a karantar da su.

Abin da ya fi sa mu rubuta wannan shi ne rai. Mafi yawan jarirai mata da ake haifa da wannan kama, dalilinsu wata cuta ce ta wasu ƙananan tsoka biyu da ke bisa ƙoda, waɗanda ke fid da sinadarin maza fiye da ƙima tun yarinya tana ciki. Tana da mahaifa, in ta sami magani tana iya aure ta haihu. Amma da yawa daga cikinsu jikinsu ba ya riƙe gishiri. A mako na biyu ko na uku sai ta ƙi nono, ta yi ta amai, ta bushe, ta yi laushi, in ba a gaggauta ba ta mutu. Iyaye su ce ta koma, wasu ma a ransu su ce Allah ya rufa asiri. Alhali maganin ƙwayoyi ne da ake sha kullum. Cutar gado ce daga uwa da uba duka biyu. In dukansu suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa ta fi yawa inda auren zumunci ya yawaita. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne da za a sake ta a kansa. Wanda ya ga haka ga jaririnsa ya tafi gidan likita a ranar, kada ya jira suna, kuma kada ya bari askar wanzami ta taɓa shi.

Neman magani halal ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a shekarar 1409 ta Hijira, daidai da 1989, ta bambanta tsakanin wanda halittarsa ta cika namiji ko mace, wanda ba ta halatta ma sauya jinsi ba, da wanda alamomin biyu sunka haɗu a jikinsa, wanda ta halatta ma magani da aikin likita bisa ga abin da ya rinjaya. Sai dai halacci ba gaggawa ba ne. Likitoci da yawa a yau suna ba da shawarar kada a yi ma jariri yankan da ba ya gyaruwa in ba larura ta tilasta ba, domin akwai wanda ake raino a matsayin mace, ya balaga murya ta buɗe, gemu ya fito. Shehu Halilu ma ai ya jira balaga. In haka ta faru, sauya suna ba abin kunya ba ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunan Barra zuwa Juwairiyya. Gyaran takardar haihuwa kuwa sai an bi ta hannun alƙali, kuma a nan ne talaka ke bukatar wanda zai raka shi.

Jama'a sukan haɗa mata-maza da ɗan daudu a kwando guda, alhali hukuncinsu daban. Ko a kan mai kama da mata a magana da tafiya, Imamu Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya kasa shi biyu: wanda haka anka halicce shi, babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora ma kansa da gangan, wanda hadisin tsinuwa ya shafa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo ma Annabi wani irin wannan da lalle a hannu da ƙafa, ya sa a fitar da shi bayan gari, da anka nemi izinin kashe shi ya hana, saboda mai salla ne. Hukunci na shugaba ne. Babu inda anka ba samarin unguwa sanda da dutse. Uban da ya kori ɗansa mai shekara 15 kuwa ya tambayi kansa ina yaron zai kwana, wa zai ciyar da shi, da me zai biya. Ciyarwar nan wajibi ce a kansa, fushi bai ɗauke ta ba.

Muna roƙon limamai da masu wa'azin mata su sanar da ungozomomin unguwanninsu alamomin nan na amai da ƙin nono, su kuma gaya masu cewa abin da sunka gani a ɗakin haihuwa amana ce, ba a kai ta gidan biki. Malamin da anka kira rabon gado ya tambaya a keɓe ko akwai magajin da ba a fito da shi ba, kafin ya fara lissafi.